Mai Ɗaga Dutse Ba da Hannu Ba: Ina Iyakar Ƙarfinsa?

Duk malamin makarantar da ke kasa kunne ga hirar almajiransa kafin a kaɗa ƙararrawa, ko a Gwandu ya ke, ko Kalgo, ko Birnin Kebbi, ya san zancen yara ya sake. Da can in sun taru labarin Gizo da Ƙoƙi a ke yi, ko na 'yan damben da suka kara ran kasuwa. Yanzu kuwa rabin hirar ta jaruman Amurka ce, waɗanda su ke gani a gidajen kallo da cikin wayar hannu. Wannan ya tashi sama kamar shaho, wancan ya rushe soro da naushi guda. Amma wanda ya fi ɗauke musu hankali shi ne wanda ba ya ko ɗaga yatsa. Ya tsaya cik, ya ƙura wa mota ido, sai ka ga mota ta tashi sama. A harbo masa harsashi, ya tsai da shi a iska, ya zube ƙasa kamar tsakuwa. Turawa suna kiran wannan baiwa telikinisis, kalma ce da aka harhaɗa daga Yunananci, ma'anarta motsa abu daga nesa.

Yara su kan tambayi malami, wai da gaske ne akwai masu irin wannan iko? Kada malami ya kore su da tsawa. Tambayar ba ta wasa ba ce, gama mu ma muna da irin namu, kuma namu bai tsaya ga kallo ba, har kabari ya kan kai mutum.

Bari mu fara da na Turawa. Cikin masu wannan baiwa babu wadda ta kai Jean Grey suna. Waɗansu mutum biyu ne a birnin New York, Stan Lee da Jack Kirby, suka ƙago ta a 1963, cikin littattafan zane na kamfanin Marvel da a ke kira X-Men. Da fari ba ta iya wani abin kirki ba, sai ɗaga littafi, ko tura kujera, in ta ɗauki abu mai nauyi kuwa sai ta jigata. Daga baya marubuta suka ba ta tarihi. Suka ce tana 'yar shekara goma mota ta banke ƙawarta a gabanta, ita kuwa ta ji fitar ran yarinyar nan cikin nata kan, kamar ita ce ke mutuwa. Daga ran nan ta daina magana da mutane, ta ƙunshe kanta a ɗaka. Iyayenta suka kai ta wurin wani shaihin malami mai suna Charles Xavier. Shi kuwa da ya ga girman abin da ke cikinta, sai ya gina mata katanga cikin zuciya, ya toshe rabin ikon nan, domin kada ya hallaka ta tun ba ta mallaki hankalin kanta ba.

To, ku dubi inda masu labarin suka sa iyakar ƙarfinta. Ba su sa ta ga nauyin dutse ba, ba su kuma sa ta ga yawan abokan gaba ba. Cikin ƙirjinta suka sa ta. In hankalinta ya rabu biyu, abin da ta ɗaga ya faɗo. In ta razana, ikon ya ƙi fitowa. In ta fusata kuwa ya fito fiye da yadda ta ke so, ya ci na gida da na waje. A 1976 aka ƙara mata ƙarfi har ya wuce misali, a 1980 kuma Chris Claremont da John Byrne suka kai labarin ƙarshensa. Wani makiri ya shiga zuciyarta da ruɗi, yana nuna mata mafarki ido biyu, har ya rushe katangar nan. Da ta ɓalle, sai ta tafi ta haɗiye wani tauraro ɗungum, mutum biliyan 5 da ke zaune a wata duniya kusa da shi suka ƙone. Sa'ad da hankalinta ya komo ta ga abin da ta aikata, ta tabbata ba ta iya riƙe kanta, sai ta zaɓi mutuwa a kan wata. Da ma marubutan sun yi niyyar su raba ta da ikon kurum su bar ta da rai, babban editansu Jim Shooter ne ya ƙi, ya ce wanda ya kashe al'umma guda ba a sallame shi haka nan. Ko da ya ke bayan shekara shida kamfanin ya komo da ita da wata dabara, don ciniki ba ya son gawa, labarin nan na 1980 shi ne ya zauna a zukatan mutane, har aka yi fim a kansa sau biyu, a 2006 da 2019.

Me ya sa suka ɗaure ta haka? Dalilin a fili ya ke. Jarumin da babu abin da ke iya kā da shi ba ya labaruwa. In yarinya tana iya murɗe wuyan kowa daga inda ta ke zaune, to, da wa za ta yi faɗa? Tilas a samo mata abokin karawa, kuma babu wanda ya isa sai ita kanta. Masu tatsuniyarmu sun riga Stan Lee sanin wannan. Ku tuna da mutumin nan da ke shigowa gida da itace yana kirari wai shi ne namijin mijin maza, matarsa tana kwaɓarsa, har ran da bakinsa ya kai shi gidan mai sunan na ainihi, ya kwana ɓoye yana makyarkyata. Ƙarfinsa bai ragu ba ko kaɗan, fahariya ce ta kai shi inda aka fi shi.

Yanzu mu komo gida. Bahaushe bai taɓa ganin littafin Marvel ba ya san maganin da ke aiki daga nesa, ya kuma raɗa wa kowane suna. Akwai sagau, wanda a ke cewa in abokin faɗa ya ɗaga hannu zai doke ka, sai hannun ya sage a sama, ya kāsa saukowa. Akwai kau-da-bara, wanda a ke cewa ko maharbi ya auna ka sosai, kibiya ko mashi sai ya kauce ya bi gefe. Akwai tauri, wanda kowa ya gani a filin hawan salla, ana kiɗa, ƙato ya tuɓe riga yana gurza wuƙa a ciki, ko ya lanƙwasa ta ya jefar. Akwai layar zana da baduhu na ɓacewa. In ka tsaya ka duba, sagau da kau-da-bara ba su da bambanci da aikin Jean Grey. Hannun wani ne, kibiyar wani ce, kai kuwa ba ka taɓa su ba, amma an ce sun bi umurninka. Tun zamanin yaƙe-yaƙen Gwandu da Kabi mayaƙa ke ɗinka irin waɗannan layu a riga da hula, 'yan dambe suna tura su cikin kara, mafarauta suna ɗaura su a damtse. Yau ma 'yan banga da 'yan sa-kai da ke fita tsaron ƙauyuka daga 'yan bindiga, da yawansu da su su ke fita.

Abin mamaki kuma shi ne, namu ma ba a ba da shi sai da sharaɗi, kuma sharaɗin nan mafi yawa cikin zuciya ya ke. Kowane boka da irin nasa. Wani ya hana ka wani abinci, wani ya hana ka kusantar iyali kafin fita, wani ya ce kada ka waiwaya, kada ka yi alfahari, kada ka faɗa wa kowa. Amma wanda kusan dukansu suka haɗu a kai shi ne, kada ka yi shakka, kada gabanka ya faɗi. Ran da ka razana, magani ya karye.

A nan ne hanyar mai labari da ta mai magani suka rabu, kuma wannan shi ne abin da ya kamata malami ya fahimtar da yara. A cikin littafi, sharaɗin zuci gishirin labari ne, ba ya cutar kowa. A bakin boka kuwa ƙofar baya ce da ya bar wa kansa. Ku auna da kanku. In ka sha magani ka shiga faɗa ka fito lafiya, magani ya ci, ka kawo tukuici, ka kuma kawo abokanka. In aka sare ka, sai a ce ai ka tsorata. Wa zai ƙaryata? Wane ɗan Adam ne za a nufo shi da takobi tsirara gabansa bai faɗi ba? In kuwa abin ya zo da ƙarar kwana, shi ke nan, mai shaida ɗaya ne, yana kuwa cikin likkafani. Ko alƙalin da ya fi kowa iya bincike ba ya iya tone ƙirjin mamaci ya ga ko ya yi shakka. Maganin da ba a iya kama shi da ƙarya ta kowace fuska, ba a iya tabbatar da gaskiyarsa ke nan.

Tarihi ya sha gwada wannan al'amari, kuma da jinin mutane ya gwada. A Tanganyika, ƙasar da a ke kira Tanzaniya yanzu, wani mai suna Kinjikitile Ngwale ya tashi a 1905 yana raba wa mutane ruwa, yana cewa zai mai da harsashin Jamusawa ruwa. Shi ya sa a ke kiran yaƙin Maji Maji, gama maji ruwa ne da Sawahilanci. Shi ma ya gindaya sharuɗɗa. Mutanen nan suna da gaskiya a kan zaluncin da a ke yi musu na noman auduga tilas, ba kuwa matsorata ba ne. Amma da suka auka wa sansanin Mahenge cikin watan Agusta na shekarar, bindiga mai ruwa ta zube su kamar an sa lauje a gero. A Kano cikin Disamba 1980 mabiyan Muhammadu Marwa Maitatsine sun fito da layu da guraye suna gaskata harsashi ba ya kama su. Kafin ƙura ta lafa an rasa rai fiye da 4,000, har da shi kansa. Ko a 2018 'yan sanda a Jihar Katsina sun kama wani mai magani, bayan da aka ba wani mutum maganin bindiga, aka ɗana aka harba don gwaji, ya faɗi nan take.

Mu mutanen wannan yanki ba mu bukatar zuwa nesa. Babu jarumin da ƙasar Kabi ta haifa kamar Muhammadu Kanta, wanda ya ƙi bin Askiya na Sanwai, ya gina Surame da Gungu da Leka, ya kara da Barno ya kore ta. Masu ba da labari sun ɗora masa abubuwan al'ajabi iri iri. Amma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya faɗi ƙarshensa cikin Infaƙul Maisuri ba da wani ado ba. Yana komowa daga yaƙin Barno, a wani wuri da a ke kira Dugul cikin ƙasar Katsina, aka harbe shi da kibiya, ya cika a Jirwa, aka ɗauko gawarsa zuwa Surame. In da akwai kau-da-bara ta sayarwa a ƙasar Hausa ta wancan zamani, wa zai riga Kanta mallakarta?

Wani zai ce, to, karamar waliyyai fa? Wannan wata magana ce dabam, kada a gwama su. Suratun Namli ta ba da labarin wanda ya kawo gadon sarautar Bilƙisu gaban Annabi Sulaimanu kafin ƙiftawar ido, masu tafsiri suka ce Asifu ɗan Barkiya ne. An kuma ruwaito cewa Sarkin Gobir Yunfa ya ɗana wa Shehu Usmanu bindiga a Alƙalawa, wutar ta komo kansa. Amma malamai sun yi bayani, karama kyauta ce daga Allah, yana yin ta sa'ad da ya so ga wanda ya so. Ba sana'a ba ce, ba a ƙulla ta a fata a sayar, mai ita kuma ba ya kiran ta kamar yadda a ke kiran bara. Shehu da kansa ya soki masu sihiri da duba cikin Nurul Albabi. Jama'arsa kuwa kibiya ta kama su kamar kowa. A Tsuntsuwa a 1804 sun rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A Alwasa a 1805 aka karya su, suka ja da baya zuwa Gwandu, garin ko ganuwa ba shi da ita, abokan gaba suka biyo su har gindin duwatsu kafin a kore su. Da hankali ya kwanta, abin da shugabannin nan suka yi shi ne suka kewaye Gwandu da ganuwa.

Turawa ma, kada a zaci sun tsira daga wannan ruɗi. Wani Ba'isra'ile mai suna Uri Geller ya yi suna a duniya da cewa yana lanƙwasa cokali da ƙarfin zuci. A 1973 aka gayyace shi wani shirin talabijin a Amurka. Mai shirin, Johnny Carson, ya taɓa yin wasan rufa-ido da ƙuruciya, saboda haka ya nemi shawarar wani gwanin rufa-ido, James Randi, aka tanadi cokula da sauran kaya, aka hana mutanen baƙon taɓa su. Geller ya zauna minti wajen ashirin bai iya kome ba, ya ce yau ba ya jin ƙarfi, kuma ana matsa masa. Kun ji fa, uzurin nan dai na boka, sai dai ya sa kwat. Kuma kamar yadda a ke yi a nan, kasuwarsa ba ta mutu ba, masu gaskata shi suka ce ai da dabara ce da kullum tana ci. Randi ya ajiye kuɗi ga duk wanda ya nuna irin wannan iko a gaban shaidu bisa ƙa'idar da aka yarda da ita tun da fari. Ya fara da dala 1,000 a 1964, ya kai dala miliyan guda a 1996. Mutum fiye da dubu suka nema, har aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ɗauka. Jami'ar Duke ta fara gwaji da 'ya'yan caca tun 1934, ko zuci na iya juya su. A Jami'ar Princeton an yi shekara 28 ana irin wannan bincike kafin a rufe ɗakin a 2007. Ba a sami abin da wasu masana za su maimaita su ga daidai ba.

Ga malaman lissafi wani ɗan aiki da za su ba 'yan aji. Ƙwaƙwalwar mutum, duk aikin da ta ke yi, ƙarfin da ta ke ci bai wuce wat 20 ba, watau kamar ƙaramin ƙwan lantarki. In da za ta bar tunani da numfashi da kome, ta tattara ƙarfin nan duka wuri guda, sai ta yi daƙiƙa wajen 50 kafin ta ɗaga buhun gero mai kilo 100 tsawon mita guda. Babbar mota mai tan 10 kuwa sai ta ci sa'a guda da minti ashirin. Jean Grey tana yin wannan kafin ka ce kwabo. Abin da ya fi kusa da aikinta a duniyar gaske likitoci ne suka yi shi. A 2012 masana a Amurka suka ba da labarin wata mace da shanyewar jiki ta hana ta motsi shekara 15. Aka dasa mata wani ɗan ƙarfe ƙanƙane a ƙwaƙwalwa, aka haɗa shi da kwamfuta da hannun inji. Ta yi nufi a zuci, hannun ya ɗauko gorar kofi ya kai mata baki ta sha. Nufinta ne ya ba da umurni, amma waya ce ta kai saƙo, lantarki ya ɗauki nauyi.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce sagau ba ya yin kome. Yana yi, sai dai ba inda a ke zato ba. Ɗan damben da ya shiga fage ya tabbata an shirya shi, ƙafarsa ba ta rawa, idonsa na kan abokin karawa. Wancan kuwa da ya ji labari tun a gida cewa mutumin nan yana da sagau, ya ga layu a damtse, ya ji makaɗi na zuga shi, sai ya ɗaga hannu da shakka, ya yi jinkirin ƙiftawar ido, a dambe kuwa wannan ya isa a kai mutum ƙasa. Gobe da kansa zai rantse hannunsa ya sage, ba kuwa ƙarya ya yi ba. Maganin ya ci, amma cikin kan mai tsoronsa ya ci. Shi ya sa ya kan yi tasiri a kan mutum, ya kāsa a kan harsashi, gama harsashi ba ya jin kirari, ba a kuma taɓa ba shi labarin kowa ba.

Yadda zuci ke tura hannu ba da sanin mai hannun ba, an daɗe da gane shi. A 1853 wata yayi ta cika Ingila, mutane su kewaye tebur su ɗora tafin hannu, sai tebur ya riƙa juyawa, su ce ruhohi ne. Michael Faraday, masanin lantarkin nan, ya shirya waɗansu alluna biyu da 'yan sanduna a tsakani, ya sa tsinke mai nuna ko hannu ne ya fara turawa. Aka ga hannu ne. Mutanen ba maƙaryata ba ne, ba su san suna turawa ba. Da ya bar su suna kallon tsinken nan kuwa, tebur ya tsaya cik.

Malami na iya nuna wannan a aji ba tare da ya kashe ko sisi ba, kamar yadda wani Bafaranshe mai suna Chevreul ya bayyana a 1833. A ɗaura zobe a zare mai tsawon kamu ɗaya, yaro ya riƙe bakin zaren da yatsa biyu, ya miƙa hannu kada ya jingina da kome. A ce masa kada ya motsa, ya dubi zoben kurum, ya riƙa raya wa a ransa yana lilo daga gabas zuwa yamma. Ba a jima ba zobe zai soma lilo. A ce ya raya yana kewaya, sai ya kewaya. Yaron zai rantse bai motsa ba, 'yan aji kuma za su yi ta sowa. Sa'an nan a ɗaure masa ido da ƙyalle, a sa ya dafa yatsun nan a bakin tebur, a ce ya sake.